Jawabi Kan Ƙwayar Cutar Da Ake Turawa Ta Yaƙi Ciwon Daji



An ce in yi bayani a kan wani abu mai wuyar shiga kunne, wato a yi wa mai ciwon daji allurar ƙwayar cuta da gangan don ya sami sauƙi.

A 1971 likitoci a Yuganda suka ba da labarin wani yaro mai kumburin daji a gefen ido. Sai ƙyanda ta kama shi, kumburin nan ya sace. To, me ya faru? Shi dai bairos, irin na ƙyanda ko mura, ba ya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayar jikin mutum. Lafiyayyar ƙwaya tana da hanyar kare kanta. Ta daji kuwa sau da yawa ta rasa wannan kariya, gida ne ba ƙyaure. Bairos ya shiga, ya yi ta haihuwa har ƙwayar ta fashe.

Amma jama'a, kada wani ya tafi gida ya ce ƙyanda magani ce. Tana kashe yara, a kai su rigakafi. Abin da masana ke yi shi ne su cire wa bairos dafinsa tukuna.

Ku dubi maganin da ake kira Imlygic, wanda Amurka ta amince da shi a 2015 don wani dajin fata, melanoma. Asalinsa bairos ɗin nan ne mai feso ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Aka cire masa ƙwayoyin gado iri biyu: wadda yake karya kariyar lafiyayyar ƙwaya da ita, da wadda yake ɓuya wa garkuwar jiki da ita. Sannan aka dasa masa wata ta ɗan Adam mai kiran sojojin jiki. A ganina wannan kiran ne babbar dabarar, don sojojin in sun gane dajin sukan bi shi har inda allura ba ta kai ba. Cikin kumburin ake tsira allurar.

An gwada shi da mutum 436. Cikin waɗanda aka yi wa, kusan 16 cikin 100 ne kumburinsu ya ragu, ya kuma zauna haka wata shida ko fiye. Kun ga ba kowa yake yi wa ba, ga tsada. Sin ta riga Amurka da wani nata a 2005, Japan ta amince da na dajin ƙwaƙwalwa a 2021.

Shi melanoma, a wurinmu baƙar fata yawanci a tafin ƙafa yake fitowa ko ƙarƙashin farce. Baƙin tabo ne mai ƙara faɗi, kuma in an kai shi asibiti da wuri tiyata ake yi a yanke shi.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.