Bututun Iska Mai Sanyi: Darasin da Na Saya da Injin Motata

Jawabin da wani ɗan ƙungiya ya gabatar a taron wata-wata na reshenmu na Washington

 

Shugaba ya nemi in yi magana a kan abin da ya lura yaranmu suna sa wa motocinsu, wato bututun shaƙar iska mai sanyi, wanda masu sayar da kayan mota ke kira kol-iya-intek. Ba don na fi kowa sanin mota ya zaɓe ni ba. Ya zaɓe ni ne don ya san abin ya taɓa cin kuɗina.

Bari in fara da yadda yake aiki. Injin fetur yana ƙona iska ne da mai, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai a ma'aunin nauyi. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka duk zuƙa ɗaya da inji ya yi, yana samun iskar da ta fi yawa. Idan zafinta ya ragu da digiri 10 a ma'aunin Salshiyos, nauyinta na ƙaruwa da wajen kashi 3 cikin ɗari. Shi ya sa ake cire akwatin matatar iska na kamfani, wadda makanikan gida ke kira iya-kilina, a sa faffaɗan bututu mai matata a bakinsa. Iri biyu ne. Gajeren yana tsayawa a ƙarƙashin bonet, kusa da zafin inji. Dogon kuwa yana sauka har bayan bamba, dab da taya, inda iska ta fi sanyi. Ni dogon na saya, na sa wa Honda Accord ɗina ta 2008.

Sa shi ba wuya. Wata Asabar, a lungun bayan gidanmu da ke Petworth, kusa da Georgia Avenue, na gama cikin awa biyu da sufana da sukundireba. Ka bar inji ya huce, ka cire wayar batir ta baƙi, ka zare filogin na'urar auna iska, wadda ake kira MAF, ka kwance tsohon akwati. Sai ka mayar da na'urar nan jikin sabon bututu, tana fuskantar inda take fuskanta a da, ka haɗa ƙaramin tiyon numfashin inji, ka ɗaure kowane kilif tamau. Da na tayar da mota na ji tana gurnani, sai na ji kamar na sayi sabuwa. Amma tsakani da Allah, ƙarar ce ta ƙaru. A titunan birnin nan, inda fitilar kan hanya ke tsayar da kai kowane ɗan taki, ban ga wani ƙarfi da zan nuna da yatsa ba, kuma mai bai ragu ba, don ƙafata ta ƙara nauyi saboda son jin gurnanin.

Matsala ta farko ta zo bayan mako biyu: fitilar gargaɗin inji ta kama. Da aka jona na'urar bincike, sai lambar P0171 ta fito, ma'ana iska ta yi wa mai yawa. Kilif ɗaya ne ya saki, iska na shiga ta bayan na'urar aunawa, kwamfutar mota ba ta san da ita ba. Haka kuma idan ka cika wa matatar auduga mai bayan wanki, man yana iya ɓata na'urar. Kada ku raina fitilar nan. A Washington ana duba hayaƙin motar gida duk shekara biyu, a tashar Half Street ko a na'urar duba-da-kanka da ke Takoma, kuma motocin 1996 zuwa yau ta kwamfutarsu ake duba su. Muddin fitilar na ci, ba za ka wuce ba.

Babbar matsalar kuwa ranar Litinin ce, 8 ga Yulin 2019. Da yawanku kun tuna safiyar nan da aka yi ruwa fiye da inci 3 cikin awa ɗaya, har aka nuna mutane a kan rufin motocinsu a Canal Road. Na ajiye fasinja a Georgetown, na tarar da ruwa kwance a hanya. Motar gabana ta ratsa, na bi ta. Ita bakin iskarta na sama, nawa na ƙasa kusa da taya. Inji ya zuƙi ruwa, na ji ƙara ɗaya, shi ke nan. Fistin yana iya matse iska, amma ba ya iya matse ruwa, sai sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe. Bututun dala 300 ya ja mini sayen wani inji na hannu da zaman gida na mako uku. Kuɗin da na ware don makarantar 'ya'yan yayata a gida, su suka tafi. Kiran wayar da na yi mata in ce ta yi haƙuri ya fi mini ciwo a kan injin.

Masu sabuwar mota, ku lura da garanti. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke maka garanti don kawai ka sa kayan da ba nasa ba. Amma idan kayan ne suka jawo ɓarnar, yana da damar ƙin gyarawa. Kuma dokar tsabtace iska ta Amurka ta hana taɓa na'urorin rage hayaƙi, don haka in za ka saya, nemi wanda ke ɗauke da lambar amincewar hukumar CARB ta Kalifoniya.

Sai ku 'yan'uwa na gida da za ku karanta wannan a mujalla. Motoci da yawa na tashi daga tashar jirgin ruwa ta Baltimore zuwa Kwatano ko Legas. In ka buɗe bonet ka ga bututu mai ƙyalli da matata a fili, kada ka ɗauka ƙari aka yi maka. Ƙurar hunturu a Kano ko Katsina laushi gare ta kamar gari, matatar takarda a rufaffen akwati ta fi tare ta, kuma wadda ta wuce tana cinye ringi da silinda a hankali. Ga kuma ruwan Agusta da ke kwanciya a titunanmu. Ka nemi akwatin asali a mayar. Mu ma masu aikawa, mu mayar da shi kafin mu loda mota.

Ƙannena, ban ce haramun ba ne. Mai motar wasa da kuɗin da ba ya jiran kowa, ya sa gajeren mai garkuwar zafi, ya adana tsohon akwati, kuma kada ya shiga ruwan da bai ga ƙasansa ba. Amma in motar nan ita ce gonarka, da ita kake biyan haya kana aika na cefane gida, to bar ta yadda aka ƙera ta. Canza mai da matata a kan kari ya fi maka amfani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mai son ganin sandar fistin ɗin da ta lanƙwashe, na zo da ita, tana kan teburin baya. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya albarkaci nemanmu.