Magudanar Haske: Lissafi Kafin Ƙira

Maganarmu yau a kan haske ce, da yadda ake yi masa magudana kamar yadda manomin rani ke yi wa ruwa.

Tun a 1842 wani masani na birnin Janeba, Daniel Colladon, ya bayyana cewa haske yana bin ruwan da ke tsartuwa daga hujin tanki, ya lanƙwasa tare da shi. Dalili kuwa, haske ba shi da sauri a cikin ruwa kamar a cikin iska. In ya doki iyakar da ke tsakaninsu a karkace sosai, sai ya dawo ciki ɗungum.

A 1969 Stewart Miller, na ɗakin binciken Bell a Amurka, ya ba da shawarar a shimfiɗa hanyoyin haske a kan ɗan faranti guda. Yanzu ana sassaƙa su a jikin semikwandakta, wato sinadarai irin su silikon, waɗanda ba su kai ƙarfe gudanar da lantarki ba, amma sun fi gilashi. Saurin haske a sarari ya ninka na cikin silikon kusan sau 3.5, na cikin gilashin da ake kewaye shi da shi kuwa sau 1.44 kawai. Wannan rata ce ke tsare hasken. Magudanar da aka saba ƙerawa kaurinta nanomita 220 ne, faɗinta wajen 500. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Ga inda gizo ke saƙa. In magudana ta yi faɗi da yawa, haske zai bi ta da salo iri-iri, saƙo ya cakuɗe. In ta cika sirancewa, sai ya zurare. Ƙira kuma takan ci watanni da kuɗi masu yawa. To, ba a fafe gora ranar tafiya, dole lissafi ya riga ƙira.

Tushen lissafin shi ne ƙa'idojin da Maxwell ya wallafa a 1865. Sai dai ga magudana mai kusurwa huɗu ba a iya fitar da cikakkiyar amsa da alƙalami. Marcatili ya kawo hanyar kintace a 1969. Kane Yee kuwa, tun a 1966, ya nuna yadda za a daddatsa fili ƙanana-ƙanana a bi hasken daki-daki, aikin da kwamfuta ke yi yau.

Gina masana'anta sai ƙasa mai hali, amma zane ba ya bukatar komai sai ilmi da kwamfuta. Akwai masana'antu a Beljiyam da Singafo masu karɓar zanen jami'o'i, su haɗa su a faranti ɗaya a raba kuɗin. Mu dai lura, kwamfuta abin da aka tambaye ta take amsawa. Wanda bai san ƙa'ida ba, ba zai gane ranar da ta ba shi amsar banza ba. Saboda haka kada mu raina darasin lissafi, ta nan ƙofar take.