Mai Hoto, Ƙyale Bakin Rigarka

Masu sauraronmu na N'Djamena, har da 'yan uwa na tsallaken kogi a Kusuri, yau da masu kyamara nake, musamman ku masu ɗaukar biki da suna. Kukan da kuke kawowa ɗaya ne: jiya kyamara lafiya lau, yau hoto ya fito dishi-dishi, fuskar amarya kamar an watsa mata gero.

Kafin komai, Malam mai hoto, saki bakin rigar nan. Na san halinku. Da hoto ya ɓaci sai a hura wa gilashi huci, a kama shadda ko gefen rawani a murza. Ƙurar hunturun da ke taso mana daga kwarin Bodele tana da kaifi. Ka murza ta a kan gilashi, ka karce shafen da kamfani ya yi masa, kuma babu mai gyaran da zai mayar maka da shi, ko a kasuwar Dembe ko a Babbar Kasuwa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Sayi ɗan famfon roba mai hura iska, ka kore ƙurar tukuna, sannan ka shafa ƙyalle mai laushi irin na tabarau, a hankali.

To, ɗigo-ɗigon nan, yawanci ISO ne. Duba lambar. Da rana tsaka 100 ko 200 ya wadatar. In ka tarar da 3200 ko 6400, ga ɓarawonka. Wataƙila ƙanenka da ka ara wa kyamarar ne ya juya, don ku ma ba kwa jin magana, kowa ya roƙa sai ku miƙa. Wataƙila kuma wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar biki, kyamara ta ga duhu ta ɗaga lambar da kanta. Maganinsa haske: kunna filasha, ko ka ja mutane zuwa inda fitila take. Zafi ma yana ƙara ɗigo-ɗigon. A watan Afrilu, da ma'auni ke haura 40, kada ka bar kyamarar a rufaffiyar mota.

Dishi-dishi kuwa, leƙa gefen gilashin, akwai ɗan maɓalli mai AF da MF. Jaka na rataye kana bisa babur ɗin kilando ana ta gargada, sai ya zame ya koma MF, kyamara ta daina saita kanta. Mayar da shi AF. In saurin ɗauka ya sauka zuwa 1/30, rawar hannunka kaɗai ta isa ta ɓata hoto. Ɗaga shi zuwa 1/125, ka manne gwiwar hannu a jiki. Da damina, in ka fito daga ɗaki mai na'urar sanyi gilashi ya yi raɓa, jira ya bushe da kansa. Ban ce riga ba!

In kuma tabo ne yake fitowa wuri guda a kowane hoto, musamman a sararin sama, ƙura ta shiga ciki. Ku masu canza gilashi a fili iska na kaɗawa, da ku nake. Kada ka zura yatsa ko auduga, kai wa wanda ya iya.

Wanda duk ya rikice masa, ya shiga tsarin kyamarar ya nemi inda aka rubuta Réinitialiser, ya danna, ya fita tsakar gida ya gwada hoto ɗaya da safe.