Wa Ya Ba Ka Izinin Shiga Ɗakinsa?

Iyayenmu sarakuna, malamai, da shugabannin 'yan banga na Bodinga da Shagari, ina gaishe ku.

Kowa a wannan zauren ya san ɓarnar ƙwaya. Mun ga yaran da tramol ya lalata, mun ga abin da kodin ya yi kafin gwamnatin tarayya ta hana shi a maganin tari a 2018. Don haka idan matasan unguwa suka fusata suka dira gidan wanda ake zargi da dillanci, suka ɗaga katifa, suka zazzage akwati, na fahimci zafin da ya kai su. Sai dai doka ba ta ba su wannan ikon ba, kuma ina ganin daidai ta yi.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da zancensa na waya. Wannan kariya tana cikin kundin 1979 ma, wanda marigayi Alhaji Shehu Shagari ya rantse da shi. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita haƙƙin saboda tsaro da lafiyar jama'a, amma ta hanyar doka. Dokar da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989 ta ba jami'ai ikon bincike. Ba ta ba maƙwabci ba. Abin da dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 ta bar wa mutum gama-gari shi ne ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, ko wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin ya aikata laifin da 'yan sanda ke iya kama mutum a kansa ba da sammaci ba, sannan ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Kamu daban, binciken ɗaki daban.

Ga inda gizo ke saƙa. Wani zai ce, ai ko ta haramtacciyar hanya aka samo ƙwayar, kotu za ta karɓa. Sau da yawa haka ne. Kotun Ƙoli ta tsaya a kan wannan tun shari'ar Musa Sadau a 1968, kuma Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 14 da na 15, ta bar wa alƙali ya auna amfanin hujjar da munin hanyar da aka samo ta. A Amurka ma, tun 1921 kotun ƙolinsu ta ce kariyar kundinsu ta shafi binciken da gwamnati ke yi ne, ban da na ɗaiɗaikun mutane. Amma ku tsaya ku ga yadda abin ke kayawa a Babbar Kotun Tarayya da ke Sakkwato. Lauyan wanda ake tuhuma zai tambaya: wa ya fara taɓa ƙullin ƙwayar? A aljihun wa ya kwana? Wa zai rantse ba jefa shi aka yi ba? Mutum goma sun shiga ɗaki cikin duhu, babu mai amsa. Dillalin gaske sai ya kuɓuta, su kuwa waɗanda suka haura katanga laifin kutse na jiransu.

Abin da ya fi damuna shi ne marar laifi. Gabar gona ko ta neman aure ta isa a sa wa mutum ƙullin wiwi a ƙarƙashin tabarma, a keta kullen matansa, a kunyata shi a gaban 'ya'yansa.

Mu nan ba baƙi ba ne ga wannan ilimi. Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa, Malam Abdullahi ya zauna a Bodinga, kuma littafin da suka karantar ya hana tajassusi a Suratul Hujurati, ya hana shiga gidan wani ba izini a Suratun Nur.

Roƙona ga 'yan banga shi ne: ku sa ido, ku riƙe rana da lokaci, ku sanar da mai unguwa, ku kai wa NDLEA labari. Idan jami'ai suka zo, ku tsaya a zaure ku zama shaidu, hannuwanku a waje.