Bindiga a Gidan Mai Bi: Me Maganar Allah Ta Ce?

Karatu: Nehemiya 4:7-23, Matiyu 26:47-56, Romawa 12:17 zuwa 13:5

Gaisuwa ta musamman ga iyalan da suke jinmu daga Bangi, Kotonkoro, Gulbin Boka, Beri, Bobi da sauran ƙauyukan ƙasar Mariga, da waɗanda tashin hankali ya kora suna zaman gudun hijira a Kontagora. Ko a gida kuna magana da Kambarci, ko Dakarci, ko Kamukanci, ko Dukanci, Allah yana jin kukanku cikin harshenku.

Tambayarmu ta yau tana bakin kowane magidanci a yankin nan. Daidai ne mai bi ya ajiye bindiga? Daidai ne saurayin da aka yi wa baftisma ya shiga 'yan banga ko 'yan sa-kai?

Mun san abin da ya kawo tambayar. Ƙasarmu ta yi iyaka da dazuzzukan Zamfara da Kebbi. A watan Fabrairu 2021 ɓarayin daji sun kwashe ɗalibai da malamai a makarantar kimiyya ta Kagara. A watan Mayu 2021 suka kwashe yara fiye da 100 a makarantar Islamiyya ta Tegina, suka riƙe su kusan wata uku. A watan Nuwamba 2025 aka shiga makarantar St. Mary's ta Papiri aka tafi da ɗaruruwan yara. Ku lura, ɓarawo bai tambayi Kirista ko Musulmi ba. Gonaki da yawa sun koma daji, iyaye sun sayar da hatsi da shanu don biyan kuɗin fansa. Wanda ya ce zai nemi makami, ba hauka yake yi ba, azaba ce ta kai shi maƙura.

Da fari, bari mu san abin da dokar ƙasa ta ce, gama mai bi ba ya tafiya cikin duhu. Wasu sun ji cewa a Amurka kowa yana da 'yancin riƙe bindiga. Gaskiya ne, tun 1791 aka sa wannan cikin tsarin mulkinsu. Amma ku ji sauran labarin: a 2021 mutum fiye da 48,000 suka mutu ta bakin bindiga a can, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai ba kowa irin wannan 'yanci ba. Sashe na 33 ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa gwargwadon hatsarin da ya same shi, amma riƙe bindiga yana ƙarƙashin dokar makamai ta 1959. Dokar ta raba bindigogi kashi uku. Na yaƙi, irin su AK-47, sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Bindigar farauta ta bature tana neman lasisi daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Harba-ka-ruga ta maharbanmu ma tana neman lasisi daga Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Manya kansu ba su zama baki ɗaya a kan wannan ba. A 2018 Janar T. Y. Danjuma ya ce wa jama'a a Jalingo su tashi su kare kansu. A 2022 gwamnatin Zamfara ta ce mutanenta su nemi lasisin bindiga, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Daga baya Katsina a 2023, da Zamfara a 2024, suka kafa rundunonin tsaron al'umma da gwamnati ke horarwa tana biya. In manya suna gardama haka, talaka ina zai kama? Mu dai muna da fitila, wato Maganar Allah. Bari mu ɗauki abu huɗu daga cikinta.

Na ɗaya, Allah bai hana mu tsare iyalinmu ba. Sa'ad da Nehemiya yake gina garun Urushalima, Sanballat da Tobiya suka ƙulla su kawo hari. Aya ta 9 ta nuna abu biyu da mutanen suka yi: sun yi addu'a, sun kuma sa masu gadi dare da rana. Ba su ɗauki ɗaya suka bar ɗaya ba. Nehemiya ya jera su iyali iyali, ya tuna musu cewa saboda 'ya'yansu da matansu da gidajensu suke tsaye. Ya sa mai busa ƙaho kusa da shi, domin duk inda aka ji ƙara kowa ya ruga can. Saboda haka kada wani ya ce wa ɗan'uwan da yake kwana a bakin gari yana gadi cewa ba shi da bangaskiya. Amma ku duba da kyau. Nehemiya yana da wasiƙun sarki a hannunsa, sura 2 ta faɗa mana. Mutanensa ba su bi Sanballat har gida sun ƙone garinsa ba. Sun tsaya a bakin garu, aikinsu gini ne, takobin na tsaro ne kawai.

Shari'ar Musa ma ta ja wannan layi. A Fitowa 22:2-3, in ɓarawo ya fasa gida da dare aka buge shi ya mutu, ba alhakin jini a kan maigida. Amma in rana ta fito, akwai alhaki. Me ya sa? Da dare ba ka san ko ranka ya zo nema ba. Da rana kana ganinsa, kana iya kiran maƙwabta, kana iya kai shi gaban alƙali. Har ran ɓarawo yana da daraja a gaban Allah.

Na biyu, tsaro dabam, ramuwa dabam. Nan ne da yawa suke faɗuwa. A Farawa 34, an ɓata Dinatu 'yar Yakubu. Laifin mutum ɗaya ne. Amma 'yan'uwanta Saminu da Lawi suka shiga Shekem suka kashe dukan mazan garin, suka kwashe dabbobi da mata da yara. Yakubu bai yabe su ba. Har a gadon mutuwarsa, a sura 49, ya la'anci fushinsu.

'Yan'uwa, mun ga wannan da idonmu a ƙasar Hausa. A Zamfara an fara da satar shanu. 'Yan sa-kai suka tashi, da farko don kare gari, daga baya wasunsu suka shiga kama duk Bafulatanin da suka gani a kasuwa suna kashewa ba bincike. 'Yan'uwan waɗanda aka kashe suka shiga daji suka sayi manyan bindigogi. A watan Afrilu 2014 aka far wa taron 'yan banga a 'Yar Galadima, aka kashe mutum fiye da 100. Wutar da aka hura a can ita ce ta iso mana yau. A watan Maris 2025 kuma, a Uromi ta jihar Edo, 'yan banga suka tare motar mafarauta masu komawa Kano, aka ga bindigogin farauta, taro ya kashe mutum 16 ba tare da an kai su gaban hukuma ba. Waɗanda suka yi haka suna ganin garinsu suke karewa. Yau kai ne mai bindiga a shinge, gobe ɗanka ne baƙo a garin wasu.

Makiyayin da yake sayar mana da nono shekara 20, ba ya zama abokin gāba don wani mai yarensa ya ɗauki makami. Shi ma an sace masa shanu, shi ma an kama masa yara. Manzo Bulus ya gargaɗi Romawa kada su rama mugunta da mugunta, su bar wa Allah sakayya. Ku tuna da Dauda, da ya ɗaura takobi da mutum 400 zai shafe gidan Nabal saboda zagi. Abigel ta tare shi a hanya da abinci da magana mai hankali, Dauda kuwa ya gode wa Allah da ya hana shi zub da jini. Iyaye mata, zumuntar mata, wannan aikinku ne. Ku kan fara jin abin da samari suke ƙullawa. Kada ku yi shiru.

Na uku, takobin hukunci na hukuma ne. Romawa 13 ta ce Allah ya ba mai mulki takobi domin ya hori masu mugunta. Mun sani wani zai ce, ina hukumar take ranar da aka shigo ƙauyenmu? Tambaya ce mai zafi. Tsarin mulki da kansa, a sashe na 14, ya ce tsaron jama'a shi ne aikin gwamnati na farko, saboda haka muna da iko mu yi kuka, mu rubuta, mu aika wakilai, mu tuna da wannan ranar zaɓe. Kada kuma mu manta da sojoji da 'yan sanda da suka ba da ransu a dazuzzukan Mariga. Amma gazawar hukuma ba ta mai da kowane mai bindiga alƙali ba. Littafin Mahukunta ya nuna mana zamanin da ba sarki, kowa yana yin abin da ya ga dama. A sura 9 Abimelek ya yi hayar 'yan iska da azurfa 70, ya kashe 'yan'uwansa. Ƙungiyar da ba ta amsa wa kowa, wata rana mai kuɗi ko ɗan siyasa zai saye ta.

Saboda haka, saurayi mai bi, kafin ka shiga ƙungiya ka tambaya. Dagaci da hakimi da DPO sun san da ita? Wanda aka kama, ana miƙa shi ga hukuma, ko ana gama da shi a daji? Ana karɓar kuɗi a shinge? Sojoji sun tambayi Yohanna Mai Baftisma abin da za su yi. Bai ce su ajiye aikin ba. A Luka 3:14 ya hana su ƙwace, ya hana su ƙage, ya ce albashinsu ya ishe su. Yau ƙage ya yi yawa. Mutum yana rikicin gona da maƙwabcinsa, sai ya ce infoma ne. Wanda ya nuna marar laifi da yatsa aka kashe shi, jinin yana wuyansa.

Na huɗu, ina ka sa dogararka? Da yawa da suka shiga wannan aiki an ba su laya da guru da maganin bindiga, an sa su rantsuwa, wasu suna shan ƙwaya don su cire tsoro. Ɗan'uwa, ba za ka iya riƙe gicciye da hannu ɗaya, guru a kunkuminka ba. Zabura 127 ta tuna mana cewa in Ubangiji bai tsare birni ba, wahalar mai gadi banza ce. A daren da aka kama Yesu, almajirai suna da takobi biyu. Bitrus ya zaro ɗaya ya sare kunnen Malkus. Yesu ya umarce shi ya mai da shi kube, ya gargaɗe shi cewa mai rayuwa da takobi ta bakinsa zai ƙare, sa'an nan ya warkar da kunnen mutumin da ya zo kama shi. Ikkilisiya ba ta da runduna. Kada a tara baiko a sayi makami da sunan coci, kada majami'a ta zama rumbun harsashi, kada a mai da wannan masifa yaƙin addini.

To, me za mu yi? Mu yi gadi tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu shirya yadda za a sanar da juna da waya ko usur, mu san inda mata da yara da tsofaffi za su bi. Gudu ba kunya ba ne, Yusufu ma ya gudu da Maryamu da jaririn zuwa Masar. Mai bindigar farauta ya bi doka, ya ajiye ta nesa da yara, kada ya taɓa ta in ya sha burkutu ko yana cikin fushi. Mu buɗe gidajenmu ga waɗanda aka kora. Mu yi wa ɓarayin daji addu'ar tuba, gama Shawulu ma mai kisa ne kafin ya zama Bulus.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne mafakarmu. Ka ga hawayen gwauraye da marayu, ka komo mana da waɗanda suke hannun mugaye. Ka ƙarfafa masu gadinmu, ka tsare hannuwansu daga jinin marar laifi. Ka ba shugabanninmu tsoronka. Ka cire ƙiyayya daga zukatanmu, ka ba ƙasarmu salama, mu koma gonakinmu. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Alherinsa ya kasance tare da ku duka.