Tarin ya lafa, ƙwayar cutar tana nan



A fadarmu akwai wani abokina da ya yi wata biyu yana tari, yana zuffa cikin dare, yana ta ramewa. Muka ce sanyi ne, wasu suka ce sammu. Da aka auna kakinsa a likita, ashe tarin huka ne. Muka ware mishi kofin shayi, amma muka ci gaba da kwana ɗaki guda, taga a rufe. Wauta ke nan, don ta iska ƙwayar take bi, ba ta kofi ba.

Maganin kyauta ne a Nijar, wata 6 ake shan shi kullum. Shi kuwa da ya ji sauƙi a wata na 2 sai ya aje, ya koma kan kabu-kabunsa. Tarin ya dawo. Wannan karon ƙwayar ta daina jin maganin farko, sai da aka sa shi kan wani mai wahalar sha.

Don Allah, wanda tarinsa ya wuce sati 2 ya je a auna. In kana da ɗan uwa mai shan magani, tambaye shi kowace safiya: yau ka sha?