JAWABI GA MANOMAN MAHUTA A KAN WUTAR LANTARKI



Yau maganar wuta na kawo muku, kuma zan fara da gyaran wayoyin birni. Na san wani zai ce, mu mutanen karkara ina ruwanmu da wayoyin Funtua da Malumfashi? To, ku saurara. Wutar ƙauye ta birni take biyowa. In layi ya lalace a can, injin niƙa a nan shiru zai yi, mai walda ya zauna, maganin da ke cikin firji a asibiti ya lalace.

An kafa NEPA a 1972, aka mai da ita PHCN a 2005, sa'an nan a 2013 aka sayar da harkar raba wuta ga kamfanoni. Mu da Kano da Jigawa muka faɗa hannun KEDCO. Suna dai ya yi ta sakewa, amma hanyar neman ɓarna a layin karkara ba ta sake ba. Hadari ya taso da damina, reshe ya taɓa waya, wuta ta ɗauke. Sai ma'aikata su bi layi falwaya bayan falwaya suna ɗaga kai, garuruwan da ke kan layin duk suna cikin duhu saboda reshe guda.

Abin da muke nufi da gyara shi ne a ba layin ido da kunne. Akwai na'urori da ake ɗaurawa a jikin waya, su riƙa aika labari ga kwamfuta a ofis. Ma'aikaci yana zaune zai ga tsakanin gari kaza da gari kaza ne ɓarnar take. Akwai kuma makunni mai aiki da kansa. In reshe ne ya taɓa ya wuce, zai yanke wuta ya mayar nan take. In waya ce ta tsinke, sai ya ware wannan yankin kaɗai, saura su ci gaba da shan wutarsu. Taransifoma ma ana sa masa mita, in kaya sun yi masa yawa a gani tun bai ƙone ba. Ku da kuka sha yin karo-karo bayan girbi don gyaran taransifoma, kun fi ni sanin buhun masara nawa yake cinyewa.

Ga inda na fi so ku riƙe. Tun 2020 aka kasa masu shan wuta aji biyar. Ajin farko an yi musu alkawarin awa 20 a rana, na ƙarshe awa 4. To, wa ke ƙirga awannin nan? In mitar layi tana rubutawa, kuma an lika lissafin inda kowa zai gani, mai unguwa zai iya kai ƙara da shaida a hannu. Haka nan gidan da ke da mita mai kati, abin da ya sha shi zai biya, babu takardar kiyasi.

Kada wani ya ruɗe ku, na'urorin nan ba su haifar wuta. Sai Kainji da Jebba da Shiroro da tashoshin gas sun bayar za a sami abin rabawa. Kun ga abin da ya faru a watan Oktoba na 2024, da aka lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana da yawa cikin duhu. Wancan aikin gwamnatin tarayya ne, kuma wakilinku a majalisa shi ne bakinku a kai.

Amma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, saboda haka yanzu ba mai fakewa da Abuja. In kun ba mu ƙuri'arku, za mu nemi a fara da layukan da suka fito daga Funtua da Malumfashi zuwa garuruwan noma, a sa kuɗin cikin kasafin jiha, a kuma koya wa yaranmu aikin gyaran na'urorin don kada kullum a jira wani daga Kano.

Duk ɗan takarar da ya zo muku da alkawarin wuta, har da ni, ku tambaye shi layi nawa, wace shekara, kuma daga wace jaka kuɗin za su fito. Ranar zaɓe a fito da wuri, kowa da katinsa, a kuma tsaya har a gama ƙirga.